Kushewun Manya a Ƙasar Rano da Kewayenta

Rano tana kudu da birnin Kano, tafiyar kamar mil 35 ko fiye kaɗan, a gindin duwatsu. Kibiya kuwa tana gabas da ita, tsakaninsu bai kai mil 10 ba. Dā ƙasa ɗaya ce a hannun Sarkin Rano, daga baya aka yanka ta, yanzu ko wace tana da ƙaramar hukumarta. Ƙasa ce mai tsohon tarihi, gama Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Labarin Bayajida ya ce ɗan Bawo ne, Zamna Kogi, ya kafa sarautarta. Ita da Kano a ke kira sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuwa Autan Bawo a ke ce da shi.

To, baƙon da ya ji wannan ya ɗauko hanya don a nuna masa inda sarakunan dauri su ke kwance, in ya zo da tsammanin ganin dogayen gine-gine irin na Fir'aunan Masar, ko duwatsu sassaƙaƙƙu masu rubutu irin na maƙabartar Turawa, zai koma gida yana cewa ba shi ga kome ba. Amma laifin idonsa ne. Kabarin Bahaushe ba da gininsa ya ke ba da labari ba, da wurin da ya ke ne. Wanda ya san inda aka rufe sarki, ya san rabin yadda sarautarsa ta ƙare.

Dalilin wannan yana cikin yadda a ke yin jana'iza. In mutum ya cika da safe, ba a kai la'asar ba a rufe shi ba. In da dare ne, da hantsi an gama. Shari'a ta so a gaggauta, zafin ƙasar kuma ba ya bari a yi jinkiri. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a ɗauke shi a makara. A maƙabarta a haƙa rami mai faɗi, sa'an nan a tsakiyarsa a haƙa wani matsattse daidai jikin mamaci. A kwantar da shi bisa gefensa na dama, kansa kudu, fuskarsa gabas wajen alƙibla. A jera itace ko fasassun tukwane a bakin ramin na ciki, a toshe kafofi da ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a mai da turɓaya, a ɗan tayar da ita yadda mai wucewa zai gane. A ƙauye a kan ɗora ƙaya saboda kura. Shi ke nan. Sarki da talaka duk haka ne, sai dai sarakuna da manyan malamai a kan rufe su cikin gida maimakon bayan gari.

Duk almajirin da ya karanta Risala ya san an karhanta yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, cikin Ihya'us Sunna, ya yi magana mai zafi a kan bidi'o'in da a ke yi wajen jana'iza da kaburbura. Saboda haka kabari a ƙasar Hausa tudun ƙasa ne kawai. Gara ta cinye itacen, damina biyu ko uku ta daidaita tudun, ciyawa ta rufe. Bayan shekara 20 sai wanda ya halarci rufewar ne zai iya nuna wurin, bayan shekara 60 sai wanda aka nuna wa.

Ba haka a ke yi ba tun asali. A ƙasar Katsina, kusa da Mani, akwai wurin da a ke kira Durɓi ta Kusheyi, sunan ma kansa ya faɗi abin da ke wurin. Manyan tuddai ne da aka tara a kan gawawwakin masu mulki na zamanin da Musulunci bai kafu ba sosai. A shekarar 1907 Bature Palmer ya sa aka tone waɗansu, a 1992 kuma masana suka sake tone waɗansu, aka sami mamaci da kayansa: awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da zinariya, da tasoshin tagulla, har da wadda aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas ta ƙetaro Sahara. Aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su. Can yamma kuma, a Gao, akwai hubbaren Askiya Muhammadu, na laka, mai tsawon kamar ƙafa 55, yana nan tsaye shekara fiye da 500. Irin waɗannan su ke tsare kansu da kansu. Tudun turɓaya kuwa ba shi da mai tsaronsa sai bakin mutane.

Wannan ne ya sa tsofaffin sarakunan Rano sunayensu suka fi kushewunsu tsawon rai. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da jerin suna, gama da shi su ke ci. Wurin kwanciya kuwa ba wanda ya ke ci da shi. Bugu da ƙari, garuruwan wannan yanki sun sha tashi. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa, ya zauna a ƙasar shekara biyu. Gari kuwa in ya tashi, rayayyu ne ke tafiya. A ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Kano, in mutum ya ga kukoki sun taru a tsakiyar gona, ga tsingaro a ƙasa, ga alamar ganuwa ta kwanta, wani lokaci ga ramukan tsohuwar marina, to, kufai ne, kusa da shi kuwa lalle akwai maƙabarta, ko da manomin da ke huɗa a kai bai sani ba. Shi kansa Yaji, da girmansa, littafin bai yanke inda ya mutu ba: waɗansu sun ce a Kano, waɗansu sun ce a ƙasar Kwararrafa.

Kabarin da ya fi ko wanne nauyi a tarihin wannan yanki yana Burumburum, kudu da Kibiya, garin da yanzu ya ke cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada. Nan ne Muhammadu Alwali ya ke kwance, sarki na 43 a lissafin littafin nan, na ƙarshe kuma a sarakunan Haɓe na Kano.

Alwali ɗan Yaji na biyu ne, daga gidan Kutumbawa. Ya hau gado a 1781. An ce mutum ne mai tanadi, da hawansa ya shiga tara dawa da gero saboda yaƙi ko fari, duk da haka yunwa ta same shi. A zamaninsa ne aka yi maganar Dirki. Dirki wani abu ne da sarakunan Kano suka gada, naɗe cikin fatu, ana yanka masa shanu in wata masifa ta taso. Fadawa suka nemi Alwali ya ba da shanu 40, ya hana, ya sa samari suka sassare Dirki da gatura, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Mutanen gari suka ɗauki abin mugun fata, suka ce yadda ya fid da Alƙur'ani daga mazauninsa haka za a fid da shi daga Kano. Mai karatu ya lura, wannan labari a zamanin waɗanda suka kore shi aka rubuta shi, kuma da wani malami ne ya fasa Dirki, da an rubuta masa shi cikin ayyukan lada.

A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jihadi ya tashi. Malaman ƙasar Kano da suka bi shi, su Malam Jamo, da Malam Bakatsine, da Malam Jibir, da Malam Ɗan Zabuwa, da Dabon Dambazau, da Malam Usman Bahaushe, suka yi tasu hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Aka yi ta ɗauki ba daɗi. Alwali ya nemi taimakon Sarkin Katsina da Sarkin Daura, aka haɗu a Ɗan Yaya, arewa da birni, jama'ar Shehu suka rinjaya. Daga nan Kano ta fi ƙarfinsa, ya yi kudu ta ƙasar Rano, ya isa Zariya. An ce da Zage-zagi suka tambaye shi abin da ya fid da shi daga garinsa, ya gargaɗe su cewa abin nan yana nan tafe gare su. Zaman Zariya bai yi masa daɗi ba. Ya juyo ƙasarsa, ya shiga Burumburum ya kafa sansani. Rundunar jihadi ta bi shi can, ta ci garin, aka kashe shi, wajen shekarar 1807. Ya yi sarauta shekara 27, uku daga ciki yana yaƙi.

Me ya kai shi Burumburum? Wanda ya san ƙasar ba zai yi mamaki ba. Tana bakin iyaka, bayanta daji ne da duwatsu har ƙasar Ningi da ta Zazzau, in abu ya ɓaci akwai wurin faɗawa. Kuma kudu ce ƙasar da tsofaffin gidajen sarautar Haɓe suka yi saiwa tun zamanin Hausa Bakwai, nan ne sarkin da aka kora zai sa ran samun masu tsaya masa. Ya kuma zaɓi ya tsaya cikin ƙasar Kano, ko da a gefenta ne, bai zauna baƙo a fadar wani ba. Wannan abin a yaba masa ne, ko mutum yana bayan wane ɓangare.

In an bi lissafin Palmer, Bagauda ya zama sarki a shekarar 999. Watau sarautar da ta yi shekara 800 da 'yan kai, wadda ta gina ganuwar Kano, ta kafa Kasuwar Kurmi, ta gina Gidan Rumfa, a wannan ƙaramin gari na kudu ta zo ta tuƙe. Mutanen garin suna nuna wurin. Amma yaro nawa ne a makarantun Rano da Kibiya, waɗanda ke haddace sunayen sarakunan Kano don jarrabawa, aka taɓa kai su su gani, ga shi kuwa tafiyar ba ta kai ta yini ba?

Abin da ya rage wa kabarin Alwali daraja shi ne gidansa bai sake samun gadon sarauta ba. A duba takwarorinsa. Maganar da ya faɗa wa Zage-zagi ta tabbata a ƙarshen 1808, sa'ad da Malam Musa ya kori Makau daga Zariya. Makau ya yi kudu, aka kashe shi a wajen Lapai a 1825, amma ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da a ke kira Suleja yanzu, zuriyarsu na sarauta a can. Haɓen Katsina suka kafa Maraɗi. Gobirawa, bayan an kashe Yunfa a Alƙalawa a 1808, suka tattaru daga baya a Tsibiri. Haɓen Daura suka zauna a Zango, har Turawa suka mai da su Daura a 1906. Duk waɗannan suna da fada, da makaɗa, da tambari, masu ambaton kakanni ko wace salla. Kutumbawa kuwa suka watse cikin jama'a. Kabari kamar gona ya ke, in ba magaji sai ya koma daji.

Waɗanda suka karɓi Kano daga hannunsa su ma ba duka ne suka kwanta a gida ba. Kanawa suna da wata kalma da su ke liƙa wa sunan sarkin da ya rasu, watau Maje, ma'ana wanda ya je wuri kaza bai komo ba. Da ya ke ba a ɗaukar gawa a yi tafiyar kwanaki da ita, inda ajali ya sami sarki nan a ke rufe shi, sai sunan garin ya zama rabin sunansa. Kalmar nan ita ce dutsen kabarin Bahaushe. Ba ta fashewa, gara ba ta cinta, kuma ko wane jikan sarki yana ɗauke da ita a bakinsa. Usman ɗan Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1846 zuwa 1855, Maje Ringim a ke ce masa. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi shekara 27 bisa gado, ya fita zuwa gaisuwa wurin Sarkin Musulmi a 1882, ajali ya tare shi a Karofi cikin ƙasar Katsina, ya zama Maje Karofi. Da ya ke dukan sarakunan Kano tun daga 1894 zuriyarsa ne, sunan wannan ƙauye na Katsina ya fi na manyan garuruwa da yawa yawo a bakin Kanawa.

Yaƙin basasa ya ƙara warwatsa su. Sa'ad da Sarki Bello ya rasu a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Maje Karofi suka ƙi, suka fita birni a ƙarƙashin Yusufu, suka kafa sansani a Takai. Daga nan suka bi garuruwan kudu da gabas suna ci da yaƙi ko da amana. Yusufu bai ga ƙarshen abin da ya fara ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Garko a 1894, maƙwabciyar Kibiya ta gabas, aka rufe shi a can, shi ne Maje Garko. Ƙanensa Alu ya ja rundunar ya shiga Kano. Tukur ya fita, aka bi shi har Tafashiya a 1895, nan ya sami raunin ajalinsa, aka rufe shi a ƙauye nesa da gidan ubansa. Ashe ke nan tsakanin Burumburum da Garko, tafiyar yini guda a ƙasa, akwai mutum biyu kwance: ɗaya ya rasa Kano bai sake ganinta ba, ɗaya ya nemi Kano bai kai gare ta ba. Amma na Garko 'yan'uwansa sun ci sarauta, sunansa bai ɓata ba.

Shi kuwa Alu, wanda ya ci basasa, kabarinsa ya fi na kowa nisa. Yana kan hanyar komowa daga Sakkwato Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Ya rabu da jama'arsa da dare, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wazirinsa Ahmadu ya ja sauran mayaƙa suka gamu da Turawa a Kwatarkwashi, ya yi shahada a can. A Lakwaja, a gaɓar Kwara, akwai kaburburan sarakunan Arewa da Turawa suka tuɓe, Alu na Kano, da Kwasau da Aliyu ɗan Sidi na Zazzau, da Abubakar na Bida, mutanen da ko wanne dā ba a zama kusa da shi sai da izini. Bayan wannan zamani ne aka daina rasuwa a hanya. Abbas ya rasu a gidan Nassarawa a 1919, ya zama Maje Nassarawa, gidan kuma ya zama makwancin sarakuna. Can aka kai Abdullahi Bayero a 1953, can aka kai Ado Bayero a watan Yuni na 2014. Mota da jirgin sama sun kashe kalmar Maje, gama yanzu ko a Masar ko Ingila babban mutum ya rasu, sai a kawo shi gida.

Akwai kaburburan da ba su dogara ga sarauta ba, su ne na malamai da waliyyai. Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka rufe shi a 1817, ba ya rabuwa da masu ziyara, daga Nijeriya da Nijar da ƙasashen da ke bayansu. Haka na Sarkin Musulmi Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837, da na Abdullahi a Gwandu. Katsinawa suna riƙe da na Ɗan Marina da na Ɗan Masani tun ƙarni na 17. A Kano kuma ko wace shekara Ƙadirawa su kan yi maukibi zuwa maƙabartar Mai Giginya. Almajiri ya fi bafade riƙon alkawari, gama bafade yana bin mai rai ne, almajiri kuwa yana gadar malamin malaminsa. Ko a ƙananan garuruwa, in aka tambayi tsofaffi kabarin da suka sani tabbas, sau da yawa na wani malami za su nuna, ko limamin da ya kafa masallacin gari, kafin su tuna na dagaci.

Malamai sun daɗe suna jayayya a kan wannan ziyara, waɗansu na ganin neman albarka ne, waɗansu na ganin ƙofar shirka ce. Jayayyar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Madina an rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a 1926. A Tambutu masu ɗauke da makamai sun rushe hubbarorin waliyyai a 2012, aka sake gina su a 2015, kotun duniya kuma ta ɗaure ɗaya daga cikin shugabannin aikin shekara 9 a 2016. Wannan magana ta malamai ce, su za su raba. Sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu ba su saɓa a kansa ba: haramun ne a tone Musulmi ba da dalili ba, ko a mai da kabarinsa juji, ko a yi gini a kansa don riba. Mai son tarihi ba ya bukatar ƙubba. Katanga ta ishe shi, da littafi a ofishin hakimi.

Har yanzu maganar manya a ke yi, alhali mafi yawan waɗanda ke kwance a ƙasar Rano da Kibiya ba su da Maje, ba su da almajirai. Wajen 1846 Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shiga duwatsun Ningi. Daga nan har zuwan Turawa, shekara fiye da 50, magadansa, su Ɗan Maje da Haruna, ba su bar kudancin Kano ya yi barci ba. Da kaka ta yi sai hari, a ƙone gari, a kwashe mata da yara, a bar maza a gona. Shi ya sa garuruwan yankin suka yi ganuwa, Maje Karofi kuma ya ƙare ƙarfinsa wajen tsare wannan iyaka. Mutanen da aka kashe a wannan zamani ba wanda ya ƙidaya su. Haka kuma a Bebeji, yamma da Rano, inda rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar gari da igwa a kan hanyarta daga Zariya, kwana biyu kafin ta isa Kano, aka kashe sarkin garin da waɗansu mutanensa. Su ne Kanawa na farko da suka faɗi a yaƙin Turawa, amma littattafai sun fi ambaton sunan wanda ya harba igwar.

Na baya-bayan nan kuma ruwa ne ya ci su. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse Kogin Kano a Tiga, kusa da Rurum, aka gama a 1974. Madatsar ta kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ba mai musun amfaninta. Amma an ta da ƙauyuka kafin ruwa ya hau, aka ba mutane sabon mazauni, kakanninsu kuwa suna ƙarƙashin tafkin, masunta na wucewa ta kansu da kwalekwale.

Yanzu abokan gāban tsohuwar maƙabarta uku ne: garma, da zaizayar ruwa, da mai yankan fili. Jama'a ta yi yawa, gari ya bi bayan garinsa ya haɗiye. Maƙabartar da ba ta da katanga, bana manomi ya ci taƙi ɗaya, baɗi ya ci biyu. In kwari ya ɓalle kusa da ita, damina ɗaya ta isa ta fito da ƙasusuwa. In kuwa gari ya iso, sai a wayi gari an kafa turaku. Na ukun nan ya fi muni, gama ruwa ba shi da hankali, mai yankan fili kuwa da saninsa.

Rashin rubutu ya nuna kansa a 2020. A watan Afrilu na shekarar nan mutuwa ta yi yawa a birnin Kano, masu haƙar kabari ne kuwa suka fara faɗa, domin su ne kaɗai ke da lissafi, shi ma a ka. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na Tarayya ya ce an bi sawu an ƙidaya mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, ana zaton rabi ko fiye annobar korona ce ta ɗauke su. A cikin kwanakin nan ne, ran 2 ga Mayu, Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila ya rasu a asibiti a Kano, aka kawo shi Rano aka yi masa sutura, Allah ya jiƙansa. Shi ne wanda aka ba sandar sarki mai daraja ta ɗaya a 2019, sa'ad da gwamnati ta raba masarautar Kano ta ɗaga Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi. Hakimin Kibiya, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa, ya gaje shi. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli aka sake kafa masarautar Rano da daraja ta biyu, ƙasarta Rano da Kibiya da Bunkure.

Ko wace daraja masarauta ta ke da ita, aikin da ya rage ba mai tsada ba ne, kuma irinsa En'e ta saba yi tun zamanin kuɗin ƙasa da jangali, sa'ad da malamin hakimi ya kan bi ƙauye ƙauye da littafi yana rubuta ko wane magidanci da ko wace saniya. Hakimi ya sa ko wane dagaci, na Rurum da Saji da Lausu da Zurgu, na Tarai da Fammar da Durba da Kahu, ya tara dattawan garinsa su nuna tsofaffin maƙabartu da kufai, da kabarin duk wanda a ke tunawa da sunansa. A auna iyaka da ƙafa, a kafa dutse ko a dasa itace a kusurwa huɗu, a rubuta sunan wanda ya nuna da wanda ya gaya masa. A yi littafin biyu, ɗaya a fada, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, don in mai yankan fili ya zo a sami abin buɗe masa. Tsofaffin da suka yi zama da waɗanda suka ga harin Ningi da idonsu sun manyanta ƙwarai yanzu, da su ya kamata a fara.